Kwana bakwai a Masar: a hau jirgin ruwan Nilu ko a zauna a Luksor?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san Masar. Mutum biyar ne za su yi tafiyar: miji da mata, da yara biyu masu shekara 9 da 13, da dattijuwa mai ciwon gwiwa. Kwana bakwai ne, ban da ranar zuwa da ranar dawowa. Tsarin da aka kawo shi ne kwana biyu a Alƙahira, kwana huɗu a jirgin ruwa daga Luksor zuwa Aswan, ranar ƙarshe a je Abu Simbel, kuma a watan Yuli saboda hutun makaranta. Ya yi, ko akwai gyara?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Gyara na farko shi ne watan. A Yuli zafin Luksor da Aswan yana wuce digiri 40 kusan kullum, wato kamar Sakkwato a tsakiyar Afrilu, kuma wuraren da za ku duk dutse ne da yashi, babu bishiya. Dutse yana shan zafi ya riƙa mayar da shi, shi ya sa Kwarin Sarakuna, maƙabartar Fir'aunoni da ke Luksor, da ƙarfe 11 na safe ya fi cikin gari zafi nesa ba kusa ba. In hutun makaranta ne dalili, a ɗauki na Disamba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana da daɗi, sai dai dare da asuba akwai sanyi sosai, yakan sauka ƙasa da digiri 10, a tafi da rigar sanyi kamar ta hunturu. Daga Maris zuwa Mayu kuma iskar da suke kira hamsin takan taso da ƙura mai zafi, ta rufe gari yini guda ko biyu, har jirgin sama ya makara.

Gyara na biyu: jirgin ruwan zai cinye muku fiye da rabin kwanakin, ya bar wa Luksor yini ɗaya da rabi. Ni ban yarda da wannan rabon ba.

Alhaji Ɗanlami:
Malam Habu, a kan wata na bi ka, a kan jirgi ban bi ka ba. Ka dubi waɗanda za su yi tafiyar: tsohuwa mai ciwon gwiwa da yara. A jirgi sau ɗaya ake kwance kaya, abinci sau uku yana wuri ɗaya, in Iya ta gaji ta zauna a ɗaki tana kallon gonakin rake da dabino suna wucewa. Kuma haikalan Edfu da Kom Ombo, da ke tsakanin Luksor da Aswan, kusa da bakin ruwa suke, jirgi ne hanyarsu mafi sauƙi. Abin da ya kamata a sani shi ne Nilu daga kudu yake gangarowa arewa. Don haka daga Luksor zuwa Aswan hawa ne, galibi dare huɗu ake yi. Daga Aswan zuwa Luksor gangara ce, dare uku. Mai kwana bakwai ya ɗauki na dare uku, ya fara daga Aswan, ya tsira da yini guda.

Malam Habu:
Ranka ya daɗe, sauƙin da ka faɗa gaskiya ne. Amma a gaya mata sauran. Jiragen nan da yawa ne kuma jadawalinsu kusan ɗaya, don haka tare suke isa Edfu da sassafe, tare mutanensu ke cika haikalin, tare suke fita. A Luksor da Aswan jere suke tsayawa, huɗu ko biyar kafaɗa da kafaɗa, sai ka ratsa ta cikin wasu kafin ka taka ƙasa, tagar ɗakinka kuma tana kallon tagar wani jirgin. A Esna akwai ƙofar ruwa inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi, ana bin layi, in layin ya yi tsawo sai a rage lokacin ziyarar gaba don a cike gurbi. Tsakanin Luksor da Aswan kilomita 220 ne ko kusa da haka, jirgin ƙasa awa uku da 'yan kai. Da motar haya ta yini guda za a tsaya Edfu, a tsaya Kom Ombo, a kwana Aswan, kuma za a isa haikalin a lokacin da mutanen jiragen ruwa suka watse.

Hajiya Rabi:
Kafin a kai ga jirgi, a gama da takardu. Mai fasfon Najeriya ya nemi biza tun daga gida, ofishin jakadancin Masar yana Abuja, kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. A tafi da katin rigakafin shawara na kowa da kowa har yaran, kuma allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki. EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye zuwa Alƙahira. Ma'aurata su sa kwafin takardar aure a jaka, wasu masaukai sukan tambaya.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi kama mutanenmu. Tun 2023 manyan wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati. Katin naira kuwa ba ko da yaushe yake aiki a waje ba, wanda ke aiki ma yana da iyaka a wata. A je da katin dala, in da hali biyu daga bankuna daban, a gwada ɗaya tun a filin jirgi. Duk da haka sai an riƙe ƙananan takardun fam na Masar, domin banɗaki, ɗan dako, mai kwale-kwale da mai gadi duk da su ake sallama.

Usman:
Ƙari a kan na Hajiya: ɗalibi mai katin ɗalibai na ƙasa da ƙasa da bai haura shekara 30 ba yana biyan rabin kuɗi, kuma katin na ainihi suke so a hannu, ba hotonsa a waya ba. Farashin tikiti yana yawan canzawa tun da darajar fam ta faɗi a 2024, don haka duk adadin da aka gani a tsohon rubutu kada a gina lissafi a kansa.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai. To me ke Luksor da yini ɗaya da rabi ba zai isa ba? Ni na ɗauka kaburbura ne a wuri ɗaya.

Injiniya Bashir:
Hajiya, gari ne da kogi ya raba biyu. A gaɓar gabas manyan haikalai biyu suke, Karnak da na Luksor. A gaɓar yamma, inda rana ke faɗuwa, can suka binne matattunsu, kuma wuraren a warwatse suke cikin tazarar kilomitoci, kowanne da ƙofarsa da tikitinsa.

Bari in fara da Kwarin Sarakuna, don nan aka fi yin asarar kuɗi da ƙarfi. Kaburburan sun haura 60, amma kaɗan ne a buɗe a lokaci guda, ana juya su don numfashi da gumin mutane na ɓata fenti: danshi yana shiga dutse, gishiri ya fito, ya ture zanen. Tikitin gama-gari na kaburbura uku ne kawai, mai gadi yana huda shi a bakin kowane kabari. In aka shiga na farko da aka tarar don ɗoki, huda ɗaya ta tafi. Saboda haka a tsaya a allon bakin ƙofa a ga waɗanda ke buɗe ranar, a zaɓa kafin a fara.

Ga mai ciwon gwiwa, na Ramsis na 4 yana kusa da ƙofa, gangararsa kaɗan ce, launinsa kuma a fili. Na Ramsis na 9 ma bai da wuya. Na Ramsis na 3 doguwar tafiya ce amma a kan katako, kuma yana da ƙananan ɗakuna a gefe masu zanen kayan gida da makamai da makaɗa, yara sun fi tsayawa a nan. Na Merenbetah ya yi zurfi, sauka ba wuya, hawowar ce aiki. Na Tutmos na 3 in an buɗe shi, Iya kada ta gwada, matakala ce mai tsayi a jikin dutse sannan a sake gangarawa.

Uku suna da tikiti na daban: na Tutankamun, na Seti na 1, da na Ramsis na 5 da na 6 wanda kabari ɗaya ne. A tagar tikiti ake sayensu, ba a bakin kabarin ba, kuma tsakanin tagar da kwarin sai an hau ƙaramar motar lantarki. Wanda ya yanke shawara bayan ya shiga, sai ya koma baya.

Alhaji Ɗanlami:
A cikin ukun nan, in ɗaya za a saya, na Tutankamun ne. Ba a zuwa Luksor a koma ba a gan shi ba, yara a makaranta sunansa suka sani.

Injiniya Bashir:
Alhaji, sunansa ne babba, kabarin ƙarami ne. Howard Carter ya gano shi a Nuwamban 1922, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne an same shi da kayansa kusan cif, ɓarayi ba su kwashe ba. Kayan nan fiye da 5,000 yanzu suna sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar Giza, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025. Abin da ya rage a Luksor shi ne ɗaki ɗaya mai zane, akwatin dutse, da gawar sarkin a cikin gilashi. Minti goma an gama. Na Ramsis na 5 da na 6 ya fi shi arha kuma ya fi shi abin kallo: doguwar hanya miƙaƙƙiya da rubutu daga ƙasa har rufi, a ƙarshe babban ɗaki wanda aka zana tafiyar rana dare da yini a samansa. Na Seti na 1 shi ne mafi tsada, tsawonsa ya zarce mita 130, sassaƙa ce aka yi ta fito daga bango sannan aka shafa launi, ba zane kawai ba. Ga mai son aikin hannu ya cancanci kuɗinsa, amma matakalarsa da yawa, ba na dattijuwa ba ne.

Alhaji Ɗanlami:
Na karɓi wannan. Amma a shiga biyun in aljihu ya yarda, ganin gawar a inda aka binne ta daban ne da ganin zinariya a gidan tarihi.

Hajiya Rabi:
Abubuwa biyu da ba a faɗa wa baƙo. Na ɗaya, an hana ɗan jagora yin bayani a cikin kabari, a waje zai tsaya ya nuna muku hotuna, ku shiga ku kaɗai. To ku saurare shi da kyau kafin ku shiga, ku tambaye shi bangon da za ku duba. Na biyu, kada a zaci cikin kabari sanyi ne kamar rijiya. Masu zurfin sun fi waje cushewa, iska ba ta zagayawa. Ana buɗe kwarin da ƙarfe 6 na safe. A yi sallar asuba a fita, kafin 9 an gama uku ko huɗu. Hoto da waya kyauta ne amma ban da walƙiya, kuma in mai gadi ya karɓi wayarka ya ɗauka maka, ko ya haska maka wani lungu, yana jiran na goro.

Malam Habu:
Ga dalilin da ya sa nake ganin Luksor tana buƙatar kwana uku. Masu jirgin ruwa a safiya ɗaya suke haɗa Kwarin Sarakuna, haikalin sarauniya Hatshebsut da gumakan Memnon, a tsakani kuma a tsaya a shagon masu sassaƙa tulunan dutse, inda mai kawo baƙi ke da kasonsa. Abin da ake tsallakewa shi ne mafi daɗin. Medinet Habu, haikalin Ramsis na 3, sassaƙarsa ta yi zurfin da hannu zai shige, launin rufinsa shuɗi da ja suna nan, kuma mutane kaɗan ne. Deir el-Medina ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan sarakuna ne, ana ganin gidajensu ɗaki-ɗaki da lungunansu. Su ne suka ajiye aiki a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na 3 saboda ba a kawo musu hatsin albashi ba, yajin aiki mafi tsufa da aka samu a rubuce. Kaburburansu ƙanana ne, ramin shiga matsattse, amma fentin kamar jiya aka shafa. Sai kaburburan manyan fada: na Sennefer da aka zana inabi a rufinsa, na Nakt da na Menna masu noma da girbi da awon gona da kamun kifi. A kaburburan sarakuna galibi lahira ake nunawa yadda suka ɗauke ta. A waɗannan ne ake ganin yadda mutane suka rayu, kuma duk wanda ya tashi a karkara zai gane sussuka da shiƙa da ya gani a bango.

Haikalin Hatshebsut kuwa yana gindin dutse, yana kallon gabas, babu inuwa ko ta taku ɗaya, hawa uku ne da doguwar gangara. Ko da sassafe ko a bar shi. Gumakan Memnon a bakin titi suke, tsayinsu kamar mita 18, ba a biya, minti goma ya isa.

Usman:
Kabarin sarauniya Nefertari a Kwarin Sarauniyoyi a tambaya kafin a sa shi a lissafi, akan rufe shi na dogon lokaci don kare fentin. In yana buɗe, tikitinsa mai tsada ne kuma minti goma ake ba mutum a ciki.

Injiniya Bashir:
Gaɓar gabas yini guda ce in an raba ta biyu. Karnak da ƙarfe 6 na safe ko bayan la'asar. Zauren ginshiƙai yana da ginshiƙi 134, sha biyun tsakiya sun kai mita 21, kuma hasken safe da ke ratsa su a karkace ne ke fito da rubutun. Da tsakar rana komai yakan baje. A ba shi awa uku, a wuce zauren a kai ga dogon dutsen Hatshebsut mai tsini, mai kusan mita 30, da tafkin da ke bayansa. Haikalin Luksor kuma a bar shi sai magariba, yana tsakiyar gari, ana kunna masa fitilu, ana barinsa a buɗe har dare. Dutse mai tsini ɗaya ne a ƙofarsa, ɗan'uwansa an kafa shi a birnin Faris na Faransa a 1836. Tsakanin haikalan biyu akwai hanyar gumaka mai kilomita 2.7 da aka buɗe a 2021, ana iya takawa, amma ba da rana ba kuma ba da Iya ba.

Tsallaka kogi: akwai jirgin fito na jama'a, arha, yana kai da kawowa har dare, akwai kuma ƙananan jiragen inji da ake ciniki. Gadar mota tana wajen gari, zagaye ne. Mai kwana a gabas ya tsallaka ta ruwa, direba ya jira shi a yamma.

Malam Isuhu:
Salamu alaikum. Ina da tambaya ga malamai, kuma da gaske nake yi. Shiga waɗannan wurare ya halatta? Gidajen gumaka ne da kaburburan Fir'aunoni, kuma akwai hadisin Hijir, inda Annabi (SAW) ya ce kada a shiga wurin waɗanda aka yi wa azaba sai ana kuka.

Malam Nura:
Wa alaikumus salam. Tambayar tana kan hanya. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, a kan gidajen Samudawa ne. Malamai sun rabu a kan faɗinsa. Wasu sun haɗa duk wuraren azzaluman da suka shuɗe, suka ƙi a je don nishaɗi. Wasu sun taƙaita shi ga inda azaba ta sauka, suka kafa hujja da ayoyin da ke umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance, kuma a kan wannan malaman Azhar suke. Sahabbai sun shiga Masar tare da Amru ɗan Asi, dalar tana tsaye, suka bar ta. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne niyya da ladabi: ba a shafa gunki don neman tabarraki, ba a yin abin da ya yi kama da bauta. A Karnak akwai dutsen buzuzu a bakin tafki da ake cewa baƙi su zagaya sau kaza don biyan buƙata. Wannan a bar shi, ko da wasa ne, kuma a faɗa wa yara dalili.

Wani abu kuma: za a nuna muku gawa a ce ga Fir'aunan Annabi Musa (AS). Alƙur'ani a Suratu Yunus, aya ta 92, ya faɗi tsirar da jikinsa, amma bai ambaci sunansa ba. Masu bincike wasu sun ce Ramsis na 2, wasu sun ce ɗansa Merenbetah, ba a yanke ba. Kada a ɗora wa aya abin da ɗan jagora ya faɗa.

Usman:
Allah ya gafarta Malam, haka ne. Gawawwakin sarakunan kuma ba sa gidan tarihi na Tahrir da ke tsakiyar Alƙahira yanzu, tun Afrilun 2021 aka mayar da 22 zuwa gidan tarihi na Fusɗaɗ a tsohuwar Alƙahira, kuma ba a ɗaukar hoto a zaurensu. Wurin sallah ba matsala ba ne: a cikin haikalin Luksor kansa akwai masallacin Abul Hajjaj, an gina shi a kan ginshiƙan tun wurin yana binne a ƙasa, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take rataye can sama. Ana sallah a cikinsa har yau, ta gefen titi ake shiga. A gaɓar yamma dai a fita da alwala da 'yar darduma. In tafiyar ta faɗo a azumi, wurare da yawa suna rufewa da wuri.

Maman Sadik:
To Abu Simbel fa? An ce tafiya ce mai nisa.

Alhaji Ɗanlami:
Kilomita 280 daga Aswan, a hamada, awa uku zuwa uku da rabi zuwa, haka dawowa. Ana tashi da ƙarfe 4 na asuba, a yi kamar awa biyu a can, a dawo bayan azahar. Akwai shingayen jami'an tsaro, direba yana miƙa sunayen fasinja tun jajibiri, don haka a ba shi kwafin fasfo da wuri, kuma ba a ɗaukar hoton shinge ko soja. Haikali biyu ne: babban na Ramsis na 2 mai gumaka huɗu na mita 20, da ƙaramin na matarsa Nefertari. Wani abin mamaki shi ne ba a nan suke ba da farko. Da aka gina madatsar Aswan ruwan tafkin Nasir zai haɗiye su, sai tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka su gunduwa-gunduwa, wasu sun kai tan 30, aka hau da su mita 65 sama, aka gina musu tudu. In ka matsa kusa za ka ga layin yankan. Ranar 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba hasken fitowar rana yana ratsawa har ɗakin ƙarshe. Ranakun nan cunkoso ne, mai yara da tsohuwa ya kauce musu.

Malam Habu:
Ya cancanci gani, amma awa bakwai a mota don awa biyu, ana gobe za a tashi, ga tsohuwa, ya yi nauyi. Ko dai manya biyu su je Iya ta huta a Aswan, ko a hau jirgin sama na rabin awa da 'yan kai in kuɗi ya kai. A Aswan kanta akwai haikalin Fila. Shi ma ɗauko shi aka yi aka dasa a tsibirin Agilkiya. Tikitin haikali daban, kuɗin jirgin da zai kai ka daban, kuma na jirgin ciniki ne: a daidaita a kan zuwa da dawowa da tsawon jira, kuɗin jirgi ɗungurungum ba na kowane kai ba, a biya bayan an dawo, a riƙe sunan jirgin don duk kamarsu ɗaya.

Dakta Zainab:
Ta fuskar lafiya. Iskar can busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya ƙare da ruwa bai sani ba. Babba ya sha lita uku zuwa huɗu a ranar yawo, kowa da gorarsa, a sha kafin ƙishirwa. Alamar da za a duba ita ce fitsari: in ya yi kaɗan ya yi duhu, an makara. Ciwon kai, jiri, amai ko rikicewar magana a yaro ko tsoho, a shiga inuwa, a jiƙa jiki, a ba da ruwan gishiri da sukari, in bai dawo daidai ba a tafi asibiti. A tafi da ƙullin gishirin na kemis kamar goma. Ruwan gora kawai, har wajen wanke baki, a guji ƙanƙara da ganyen da ba a dafa ba. Kada yara su yi wanka a Nilu ko magudanan gona, akwai tsargiya. Iya ta tafi da sanda da takalmi mai rufi, ƙasan haikalan duwatsu ne marasa daidaito, maganinta kuma a cikin kwalinsa na asali da takardar likita, domin Masar tana da tsanani a kan magungunan kashe ciwo irin su tramadol.

Injiniya Bashir:
A Giza ma ga abin da za a tsallake. Shiga cikin babbar dala ta Kufu tikiti ne na daban. Hanyar farko tsayinta bai wuce mita ɗaya da kaɗan ba, a duƙe ake hawa kusan mita 40, masu sauka suna gogar masu hawa, a ƙarshe ɗaki ne na dutse babu rubutu ko ɗaya, sai akwati wayam. Mai ciwon baya, gwiwa ko asma kada ya shiga. Mai son ganin rubutu a cikin dala ya je Sakkara ya shiga ta Unas, ƙarama ce, bangonta cike da rubutu, ga kuma dalar Zosar mai hawa shida wadda ta girmi na Giza. Hawa jikin dala laifi ne a doka, haka shiga da jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi, a filin jirgi ake ƙwace shi. Raƙumi da keken doki: a faɗi kuɗi, a faɗi cewa fam ɗin Masar ne, a faɗi minti nawa, a faɗi cewa har da saukewa, sannan a hau. Duk wanda ya ce tsohon abu ne daga kabari yake sayarwa, ko dai jabu ne, ko kuma na gaske ne wanda fita da shi ɗauri ne.

Hajiya Rabi:
In za a bi jirgin ƙasa na dare mai gadaje daga Alƙahira, kamar awa goma ne zuwa Luksor, sha uku zuwa Aswan, yana rage kuɗin masauki na dare guda. A duba tashar da ke jikin tikiti, tun da aka buɗe sabuwar tashar Bashtil a Giza a 2024 ba duk jiragen kudu ne ke tashi daga tashar Ramsis ba. Gado ɗaya a sama yake, a ba Iya na ƙasa. Jirgin sama awa ɗaya ne zuwa Luksor.

Maman Sadik:
To ga yadda na fahimta, a gyara mini. Disamba. Kwana biyu Alƙahira: Giza da sabon gidan tarihi rana ɗaya, Sakkara da Fusɗaɗ rana ɗaya. Kwana uku Luksor: safiya biyu a yamma, Karnak safiya ɗaya, haikalin Luksor da magariba. Rana ta shida mota zuwa Aswan ta Edfu da Kom Ombo. Rana ta bakwai Fila.

Alhaji Ɗanlami:
Ya yi, duk da ina nan a kan cewa Iya za ta fi hutawa a jirgin ruwa. In an bar shi, a ɗauki ƙaramin jirgin filafilai a Aswan awa ɗaya kafin faɗuwar rana, a zagaya tsibirin Elefantin, a tabbata akwai rigar ceto ga yaran kafin a tashi. Kuma Sakkara da Fusɗaɗ a rana ɗaya sai an fita da ƙarfe 7, cunkoson Alƙahira da yamma zai iya cin awa biyu.

Malam Habu:
Gyara ɗaya: tikitin dawowa daga Aswan zuwa Alƙahira a saye shi na daren rana ta bakwai, a kwana kusa da filin jirgi. Kada a haɗa shi da jirgin Kano a safiya ɗaya sai in a tikiti guda aka yanke su, domin in na cikin gida ya makara kuma tikitin daban-daban ne, kujerar Kano ta tafi, sai an sayi sabuwa.